Tulun da Mala Ya Binne

Duk wanda ya san Birnin Damagaram, tsohon garin Zinder, ya san zauren Mala mai aikin riga. In bai san shi da kyan aiki ba, to ya san shi da baƙin zargi. Mutum ne da in ka yi masa sallama sai ya fara duba hannunka kafin ya amsa. In ka ce, "Kai, wannan aiki ya yi kyau," ba zai ce madalla ba. Ninke rigar zai yi ya cusa ƙarƙashin tebur, sannan ya tambaye ka wa ya aiko ka.

A yi masa adalci dai, yana da abin da zai yi wa rowa. Mahaifinsa, Ba Adam, Babarbare ne da kakanninsa suka zo daga Borno, kuma a zamaninsa babu mai zanen riga kamarsa. Da alƙalamin kara da tawada yake zana wuya da aljihu, masu ɗinkin hannu su bi da allura. Aska biyu, aska takwas, tambari, kowa na yi. Amma akwai wata lanƙwasa da Ba Adam ke yi wa bakin aska, wadda ko daga nesa ka hango ta a ƙirjin mutum ka san hannun wane ne. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Takardun zane ya bari cike da adaka, da ɗa namiji guda mai ganin duk mutanen duniya ɓarayi ne.

Da masu ɗinkin hannu suka yi ƙaranci, Mala ya sayi injin aikin riga irin wanda ordinatar, wato kwamfuta, ke ba umarni. Ya ɗauko wani gwani tun daga Yamai ya mayar masa da zanen uban nasa kaf cikin ordinatar. Bawan Allah nan ya ga ta kansa. Mala na zaune a ƙeyarsa kamar gandiroba, ko kama ruwa zai fita sai an laluba aljihunsa, kada ya fice da kile, wato ɗan abin nan kamar yatsa da ake kwafar kaya a ciki. Ranar da ya gama aiki ya rantse ko a mafarki ba zai sake taka Zinder ba.

A cikin zanen akwai guda ɗaya da Ba Adam ya yi a ciwon ajalinsa, hannu na rawa, amma ya fi sauran duka kyau. Ba a taɓa ɗinka shi ba. Manyan mutane sun roƙa, Mala ya ce babu. Ajiye shi yake yi sai ranar da za a naɗa shi sarkin teloli, sarautar da ba wanda ya taɓa yi masa alkawarinta, shi kaɗai ya zauna ya ba kansa.

Ƙanwarsa Falmata ce kaɗai ke iya kallon idonsa ta faɗa masa magana. Aiki take a biro, wato ofis, na wani kamfani, kuma ta ga yadda gobara ta taɓa cinye musu takardu. Wata ranar Asabar ta shigo zaure, ta ɗaga kai ta dubi azarar rufin, ta dubi bangon ƙasa da ya tsage tun daga sama har ƙasa.

"Ya Mala, wai duk wahalar Ba Adam a cikin wannan ordinatar guda take?"

"A ina kike so ta kasance? A kasuwar Dole?"

"A'a. Akwai ma'ajiya a intanet, kilawud ake ce mata. Mu a biro can muke zuba komai. Ka kwafa ka ajiye, ka sa lambar sirri da kai kaɗai ka sani. Ko gobara, ko ruwa, ko gini ya faɗi, kayanka na nan. In ka yarda yanzun nan in buɗe maka a salula."

Mala ya ja tsaki mai tsawo, har ya ajiye almakashi don ya ji daɗin yi mata dariya.

"To ita wannan ma'ajiya a wace unguwa take?"

"Ba a unguwa take ba. Manyan injuna ne a ƙasashe daban-daban."

"Wa ke gadi?"

"Masu kamfanin."

"Kin san ubansu?"

"Haba Ya Mala!"

"Kin ji ko! Ɗakin da ban ga ƙofarsa ba, ban ga kwadonsa ba, ban san uban mai gadinsa ba, shi za ki ce in kai gadon gidanmu? Wallahi karatun lakwal ya cuce ku. Ai ranar da na zuba da safe, kafin azahar Kanawa sun sauke, kafin la'asar yana rataye a kasuwar Kwari."

In Mala ya ce Kanawa, mutum guda yake nufi: Muntari, ɗan kasuwar da ke kawo shadda da zare daga Kano. Gajere ne mai faɗin fara'a, ba ya shiga zaure sai da tsarabar goro ko turare, kuma ba ya fita sai ya ja Mala da wasan Bakano da Badamagare. Mala na sayen zarensa don babu mai irinsa a gari, amma da ya juya baya sai ya ce, "Ɓarawo mai haƙoran dariya." In Muntari zai shigo, har zani ake lulluɓa wa ordinatar kamar amarya.

Sai ga shi ana saura kaɗan azumi, lokacin da aikin salla ya taru har rufi, ordinatar ta ce ba ta san zance ba. A kunna, ta yi ƙara, ta mutu. Masu gyaran gari suka duba suka ce abin da ya lalace babu shi a nan. Muntari ya ce yana da mai gyara a Kano, a ba shi ya kai. A ba shi? Tabɗi! Mala ya naɗe ordinatar a bargo, ya rungume ta a cinya tun daga tasha har Kano, ko salla zai yi a hanya tana gabansa.

A shagon mai gyara ya kafa kujera ya zuba ido. Da aka samu ta farfaɗo, mai gyara ya ce, "Alhaji, kafin in canza abin da ya lalace sai na kwashe kayanka na ajiye a gefe, kada su bi ruwa."

"Kada ka soka mata komai," in ji Mala. "Ko kile, ko waya, ko allura."

"Ba sai na soka komai ba. Kana da imel?"

"Ba ni da shi, ba na kuma so."

Muntari ya matso yana murmushi. "Sa nawa kawai, kada mu ɓata wa Alhaji lokaci."

Mala ya ɗauka maganar rasit ake yi. Ya ci gaba da gadin hannun mai gyara da aljihunsa, ko ƙiftawa ba ya yi, alhali zanen Ba Adam na ficewa ta iska ɗaya bayan ɗaya, a gaban idonsa, zuwa irin ma'ajiyar nan da ya ce bai san uban mai gadinta ba. Da aka gama har ya sa mai gyara ya zazzage aljihu. Babu komai. Ya dawo Zinder yana hura hanci, yana ba mutane labarin yadda ya shiga Kano ya fito ba a ci shi ba.

Tsoratar da ya yi dai ta sa ya yarda abu guda bai isa ba. Falmata ta ji haka ta yi hamdala, ta ɗauko salula. Ya ce ta mayar da abarta jaka, shi yana da dabarar da ta girmi kamfaninsu.

A gidajen Birni na da, in mutum na da azurfa ko murjani, tulu yake samu ya zuba, ya toshe bakin da yumɓu, ya binne a ƙuryar ɗaki ƙarƙashin gado. Haka kakansu ya yi, kuma dukiyarsa ta tsallake yaƙi da yunwa. Mala ya sayi sabon tulu. Ya kwafi zanen duka a kile, ya naɗe shi a tsumma, ya haɗa da takardun Ba Adam na asali, har da na ƙarshen nan, ya cusa. Ya kori iyalinsa unguwa, ya haƙa rami da kansa, ya binne, ya daɓe wurin, ya mayar da gado.

"Azurfa kakanmu ya binne," in ji Falmata da ta ji. "Azurfa ba ta jin danshi. Kuma ordinatar a zaure, tulu a ɗaki, duk rufi ɗaya ne fa. Abin da ya sami wannan zai sami wancan."

"Gidan nan ya girmi kakar kakarki, bai taɓa faɗuwa ba."

"Ko sau ɗaya a shekara ka riƙa tonowa kana dubawa."

"In tono don maƙwabta su ji ƙarar fartanya? Tashi ki ba ni wuri."

Damina biyu suka wuce lafiya, Mala na tuna wa Falmata duk sanda ta zo. Ta uku ce ta zo da abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ruwa ya yi ta zuba har bangayen ƙasa suka sha suka ƙoshi, tafkuna suka cika suka tumbatsa. Ranar wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mutane su kai gida sama ta ɓalle. Ruwa ya gangaro daga kan duwatsu ya biyo lungunan Birni ja wur, yana ɗauke da kaji da tabarmi da butoci.

Iyalin Mala suka tsere gidan siminti na maƙwabci. Maza suka taho a guje don su fitar masa da kaya, ruwa iya gwiwa. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Tsayawa ya yi a ƙofar zaure ya baza hannu, yana zaɓen wanda zai shiga. Wannan ɗan'uwan tela ne, kada ya shigo. Wancan ya cika kalle-kalle. Da ƙyar ya bar wasu suka ciccibi injin suka fitar. Ordinatar kuwa tana cikin kabad na ƙarfe, ya danna mata kwado, makulli na aljihun rigar da ya cire a ɗaki. Aka ce a ɗauki kabad ɗin gaba ɗaya, ya ce ba mai taɓawa sai ya dawo. Ya juya ke nan bangon gabas ya yi wata ƙara, wani ya fizgo shi waje ta wuyan riga. Zaure ya zauna. Ɗakin da ke bayansa ya bi shi.

Mutane na salati, mata na kuka, Mala na tsaye cikin ruwa ko a jikinsa. Har murmushi ya yi. Falmata ta iso jiƙe sharkaf ta kama hannunsa, ya sunkuya ya raɗa mata, "Akwai tulu."

Da ruwa ya janye aka zaro kabad ɗin, ya lotse kamar gwangwanin madara, ordinatar ta zama gari a ciki. Mala bai damu ba. Ya ɗauki shebur ya hau kan tulin ƙasar da a da ɗakinsa ne, ya hana kowa matsowa sai Falmata. Ya yi ta haƙa har hannunsa ya yi kanta. Da ya kai ga tulun ya same shi bai fashe ba, ya ɗago kai ya dube ta da irin kallon nan na ba na faɗa miki ba.

Yumɓun bakin ya narke. Ya zura hannu, ya ji sanyi, ya zaro. Abin da ya biyo hannunsa kamar kunu ne, baƙi, yana ɗiga. Takardun Ba Adam ke nan, tawada da takarda sun zama abu guda. Ya sake zurawa yana lalube, ya samo tsumman, ya warware. Kile ya yi kore shar, bakinsa ya cinye. Falmata ta kai wa mai kula da injunan biro nasu, ya duba ya ce wannan ba ruwan Juma'a ya kashe shi ba, danshi ya daɗe da cin sa, wataƙila tun daminar farko. Ashe shekaru Mala ya yi yana barci a kan gawa yana yi mata gadi.

A nan ne ya karye, kuma ko ni da nake yi masa dariya na tausaya masa. Ya nemi takarda da alƙalami ya zauna zai zana lanƙwasar nan daga ka. Yana ganin ta a zuciyarsa sarai, amma hannu ya ƙi. Ba Adam ya so koya masa tun yana saurayi, shi kuwa ya ce me zai yi da koyo tunda ga adaka cike. Ya zana, ya yage, ya zana, ya yage. Daga ƙarshe ya kifa fuska a gwiwa ya yi kuka irin na wanda ubansa ya sake mutuwa.

Aka kafa masa rumfa a ƙofar maƙwabci, mutane na zuwa jaje. Dattawan unguwa na zaune, Falmata na daga gefe tana miƙo ruwa, sai ga kabu-kabu ya sauke wani gajere cikin farar shadda tana ƙyalli.

"Salamu alaikum! Alhaji Mala, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri."

Mala ya ɗago kai. Ba fuskar Muntari yake kallo ba, ƙirjinsa yake kallo. Aska ce ta sauko daga kafaɗa, ta zo bakinta ta lanƙwasa, har da 'yar karkatar da rawar hannun mara lafiya ta bari. Zanen ƙarshe ne. Wanda aka hana manyan mutane, wanda ake jira ranar naɗi.

"Ina ka samo wannan?" in ji Mala.

Muntari ya dubi ƙirjinsa kamar yau ya fara ganin rigar. "Au, wannan? Ai naka ne. Ka manta ranar da muka je gyara aka sa imel ɗina? Duk suna can a ajiye, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Da na ji labarin ruwa na ce bari in zo da kaina in kwantar maka da hankali."

"Ajiya ce ka saka a ƙirji?"

"Haba Alhaji, gwadawa na yi in ga ko suna aiki. Na ba wasu teloli nawa, sai abu ya karɓu. Wallahi ka ga yadda ake rububinsa? Ɗan Fagge ake ce masa. Angwaye ba sa yarda da wani."

Ɗan Fagge, sunan unguwa a Kano! Jini ya hau kan Mala. Ya yunƙura zai tashi, bakinsa cike da ashar da Allah ya isa. Falmata ta durƙusa kusa da shi kamar za ta ɗauki kofi, ta yi ƙasa da murya.

"Ya Mala, in ka zage shi ya hau kabu-kabu ya tafi, ka ga ƙarshen hannun Ba Adam a gidanmu. Babu wani a duniya sai wanda ke wurinsa. Ka zaɓa."

Dattawa kuwa ba su ji komai ba sai cewa zanen bai ɓata ba. Wurin ya kaure da kabbara. Limamin unguwa ya ce irin wannan amana ta yi wuya a zamanin nan, mutum ya riƙe kayan ɗan'uwansa shekaru bai ɓatar ba, ya kuma tako tun daga Kano ya kawo. Ya ɗaga hannu ya ce a yi wa Alhaji Muntari addu'a. Allah ya ƙara buɗi. Allah ya albarkaci kasuwarsa. Allah ya ba mu masu riƙon amana irinsa.

Kowa ya ɗaga hannu. Mala ya dubi tafukansa, har yanzu tawadar ubansa na maƙale a ƙarƙashin farce. Ya ɗaga su. Da aka shafa, liman ya juyo yana jiran ya ji daga bakinsa.

"Amin," in ji Mala. "Na gode, Alhaji."

"Haba, ba komai, ai an zama ɗaya," in ji Muntari, yana gyara zaman rigar. "Sai dai kana da imel yanzu? Don ta nan zan turo."

Falmata ta zaro salula daga jaka. A nan ƙarƙashin rumfa ta buɗe masa ma'ajiyar da ya kore ta a kanta, ya zaɓi lambar sirri yana kare fuskar salular da hannun riga, kamar akwai sauran abin ɓoyewa.

Muntari ya turo zanen. Bayan damina aka gyara inji, Mala ya sayi wata ordinatar, ya kama hayar shagon siminti a bakin titi, aiki ya dawo. Wata safiya wani saurayi daga Tirmini, Suma'ila, ya shigo da shaddar aurensa a leda. Ya buɗe hoto a salula ya miƙa masa.

"Baba, wannan nake so, Ɗan Fagge. An ce sai Kanawa ke iya shi, amma kuɗin mota ya yi mini yawa. Za ka iya kwaikwaya?"

Mala ya daɗe yana kallon lanƙwasar. Ya buɗe baki zai ce wannan hannun Ba Adam ne, a cikin Birni aka zana shi, a kan gadon da ya mutu. Sai ya tuna duk wanda zai iya shaida masa bai taɓa ganin zanen ba, don shi da kansa ya hana kowa gani.

"Zan iya," ya ce.

"To don Allah ya fito sak irin na Kano. Kada ka ƙara naka a ciki."

Mala ya ɗauko igiyar awo daga wuyansa, ya ce wa yaron ya miƙe hannu.